Rigar da Ta Yi wa Ɗigo Daidai

Litinin, 3 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da gwiwoyin nan naki. Tunda kunnenki ya yi nauyi waya ta daina yi mana amfani, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

An sallame mu daga asibiti ranar Alhamis, bayan kwana goma sha tara. Ɗigo tana gida, alhamdu lillahi. Ciwon huhu ne, kamar yadda kika yi zato. Ruwa ya taru a gefen dama, aka sa roba aka zuƙe shi. Zazzaɓin ya sauka, numfashi ya daidaita, amma yarinya ta zube. Ta shiga da kilo goma sha bakwai, ta fito da goma sha uku da rabi. Na kwafe miki takardar likita a bayan wannan shafi, kalma bayan kalma, har da wuraren da ban gane ba. Ke da kika yi shekara talatin kina aikin nas a ɗakin yara za ki ga abin da ni ban gani ba. Abin da ya faɗa mini da bakinsa shi ne, in ta fara mayar da jiki nan da wata uku, shi ke nan. In ba ta fara ba, za su sake kwantar da ita su binciko dalili.

Matsalar ita ce ci. Cokali biyu na shinkafa, sai ta kau da kai. Abu ɗaya take cinyewa tas, shi ne ƙwai. Kin tuna kajin nan huɗu da babanta ya yi wa akurki a bayan gida, waɗanda na yi ta mita a kansu saboda kashi a bakin ƙofa? Na janye maganata. Akwai wata fara a cikinsu, Ɗigo ta sa mata suna Sista, wai don tana zagaya kowa tana leƙensa da ido ɗaya kamar nas ɗin safe. Ƙwan Sista kaɗai take ci. Kullum da safe babanta zai ɗauke ta ya kai ta akurki, ta zura hannu ta ɗauko shi da ɗuminsa, a dafa mata.

A maɗaba'ar da nake aiki sun yi mini halacci. Suna aiko mini da shafuka har gida, ina duba kurakurai a gefen gadonta.

Yanzu ga roƙon. Sanyi ya fara shigowa, duk rigunanta kuma yawo suke yi a jikinta. Ga zare nan a cikin ambulan, da ƙulli uku kamar yadda kika koya mini: na farko faɗin ƙirji, na biyu hannu daga kafaɗa, na uku tsawo. Na san halinki, na san za ki ƙara. Wadda kika saƙa mini shekarar da Baba ya kawo ni gidanki karatu, ina 'yar shekara bakwai, sai da na shiga aji shida ta yi mini daidai. 'Yan ajinmu har suna suka sa mini, wai Riga-ba-mutum. Na zo ina kuka kika ce, “Yaro girma yake yi, ulu kuwa ba ya girma.” Ban taɓa ganin kin saƙa wa wani yaro riga daidai shi ba.

Har yau mutane mamaki suke yi in na ce musu ke 'yar baffan Baba ce, ba ciki ɗaya kuka fito ba. Allah ya saka miki da alheri.

'Yarki,
Jan Biro


Laraba, 12 ga Nuwamba

Jan Biro,

Wa alaikumus salam. Gwiwoyi suna nan, su da sanyi ba sa ga maciji. Na yi wa Allah godiya da kuka fito. Ki gaishe da maigidan, ki ce na yaba da akurki.

Na karanta takardar likitan sau biyu. Rubutunki ya fi nasa kyau, na tabbata. Ki riƙa ba ta kaɗan kaɗan, sau shida a rana, kada ki tsaya mata a ka da kwano kamar ɗan sanda. Madara da ɗumi. Ki buɗe taga da rana, ki rufe kafin la'asar. Kada ki sa ta a sikeli a gida, ki bar wa asibiti. Na san ki, za ki buɗe mata littafi ki ja layi.

Zaren ya iso. Na shimfiɗa shi a cinyata na daɗe ina duban ƙullin farko. Zan fara yau. Ina da ulu ruwan toka mai laushi, wanda ba ya ƙaiƙayi, na ajiye shi tun bara ban san wa nake ajiye wa ba.

Batun Riga-ba-mutum kuwa, shekara biyar kika yi a cikinta ba ki yi mura ba. Ban ji kin rubuta wannan ba.

Ki gaya wa Ɗigo na ce ta gaishe mini da abokiyar aikina Sista. Ki tambaye ta ko ita ma tana yi wa likitoci faɗa.

Gwaggonki


Juma'a, 21 ga Nuwamba

Jan Biro,

Ga riga. Direban da zai kawo miki ita yana ta yi mini hon a ƙofa, ba zan tsawaita ba. Wannan karon na yi ta daidai jikinta. Babbar riga ba ta da amfani a gare ta. Ki sa mata tun yau.

Gwaggo


Juma'a, 5 ga Disamba

Jan Biro,

Sallama da gaisuwa. Ni dai lafiya lau, sai rashin jin labarinku.

Direban ya rantse mini hannu da hannu ya ba ki ƙunshin, har ya ce kin ba shi ruwa ya sha. Yau sati biyu ke nan. Ke da in na aiko miki da barkono kike rubuto shafi biyu na godiya har da gyara mini waƙafi, yau riga guda ba ko layi ɗaya.

Kullum in na ji babur ya tsaya sai na leƙa. Maƙwabciyata ta ce in ba ta lambarku ta buga, ta ji ta faɗa mini da ƙarfi. Na ce a'a. In labarin mai nauyi ne, ba na son in ji shi da ihu daga bakin wata.

Ko an mayar da ku asibiti ne? Ko ulun yana yi mata ƙaiƙayi? Ko wuyan ya matse? In wuyan ne, abu ne na rabin yini, ki maido. Ki rubuto ko da kalma biyar ce.

Gwaggonki


Laraba, 10 ga Disamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini shirun. Ba a mayar da mu asibiti ba. Ɗigo tana gida, ba zazzaɓi, tarin ya ragu. Rigar ta iso, na gode. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa. Bari in faɗa miki abin a jere.

Ranar da direban ya zo, dawowarmu ke nan daga awo. Sati uku ina bin ta da cokali, daga baya ma sau shida a rana kamar yadda kika ce, sikeli ya nuna goma sha uku da rabi. Ko ɗigo bai motsa ba. Nas ɗin ta rubuta, ta ce na gaba ya shigo.

Muna shiga gida na kwance ƙunshin. Saƙar ta yi kyau, ban taɓa ganin kin yi mai kyaunta ba. Na karanta 'yar takardarki. Sai na ɗauko sauran zaren da na yi awo da shi, don biyu na ƙulla na riƙe ɗaya, na shimfiɗa a kan rigar. Ƙirji ya tsaya a kan ƙulli. Hannu ya tsaya a kan ƙulli. Tsawo ma haka. Ko faɗin yatsa ba ki ƙara ba.

Gwaggo, kin saƙa wa yara sun fi ɗari, kowanne sai an naɗe masa hannu sau biyu. Kin karanta takardar likita sau biyu, kin ce kin daɗe kina duban ƙullin farko. Sannan kika saƙa wa 'yata rigar da ba ta da wurin girma, kika rubuto cewa babbar riga ba ta da amfani a gare ta. Aikina ke nan, karanta layi in gane abin da mai shi yake nufi. Na karanta layin nan naki fiye da duk wani shafi da aka taɓa biya na in duba.

Na ninke rigar na sa a ƙasan durowa. Ban sa mata ba. Babanta ya ce, “Ke dai da fassara. Riga ce fa, ba sakamakon gwaji ba.” Na ce masa bai san ki ba.

Sai kuma ga Sista ta ƙara mana. Yau kwana takwas ta daina saka ƙwai, ta kwanta a gurbi ta baje fukafukai, ba komai a ƙarƙashinta. In an taɓa ta sai ta kai sara. Babanta ya fitar da ita sau goma, sau goma tana komawa. Ya je shago ya sayo ƙwai, ya lallaɓa ya ajiye a gefenta. Ɗigo ta ɗauka ta juya shi ta ce, “Baba, wannan da sanyi.” Washegari ya sa ƙwan a hammatarsa tun daga sallar asuba har ta farka. Ta ɗauka, ta ji ɗumi, ta kai hanci, ta ce, “Wannan warin Baba yake yi.” Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma wani abu. Na sauran kajin ma ta ƙi. Tun ranar, rabin kofin madara ne abincin kirkinta.

Ba fushi nake yi ba. Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, ko lokacin ciwon Baba, da kowa yake ce mini da sauƙi, ke kaɗai kika zaunar da ni. Don haka nake tambayarki kai tsaye. Me kika gani a takardar nan?

'Yarki


Talata, 16 ga Disamba

'Yata,

Gaisuwa a taƙaice. Ajiye wasiƙar nan, ki je ki buɗe durowa ki ɗauko rigar. Kada ki wuce wannan layi sai tana hannunki.

Kin ɗauko? To juya ta, ciki ya koma waje.

Ranar da na fara ɗora miki allurar saƙa, me na ce miki? Na ce in aka miƙo miki saƙa, kafin ki yaba, kafin ki kushe, ki juya ta ki ga cikinta. Shekara biyar ina faɗa. Kika ɗauko zare kika auna ta ta waje kamar mai sayen fili.

Dubi bakin rigar ta ƙasa. Akwai kalmasa, na ninke yatsu huɗu ciki. Dubi bakin kowane hannu, yatsu uku uku. Na kama su da jan zare, ɗinki mai faɗi, don ki ja shi da farce ya fita ba sai da almakashi ba. Ja na zaɓa saboda ke, na ce wadda ta ƙare rayuwarta da jan biro ko a makance za ta gan shi. Ƙirjin kuma saƙa ce mai buɗewa, sa hannuwanki biyu ki ja ki gani. Rigar nan za ta kai ta shekara bakwai.

Dalilin da ya sa ban bar ta tana lilo ba shi ne, riga mai faɗi a jikin da ba tsoka iska take tarawa. Ta shiga ta wuya, ta fita ta ƙasa, ƙirjin da ake so ya ji ɗumi yana nan a sanyi. Na ga wannan a ɗakin yara ba sau ɗaya ba, uwa ta kawo rigar yayan yaro don ƙauna, yaro yana rawar ɗari a ciki. Kuma yarinyar da ta rame, in kika zuba ta cikin babbar riga, ke za ki fi ganin ramar, ita ma za ta gani a fuskarki. Ke lafiyarki ƙalau lokacin da na yi miki Riga-ba-mutum, kumatu kamar an hura.

Amma laifina ne. Na san ranar da za ki karanta, na san mai karantawa, na bar hon ɗin direba ya sa na rubuta rabin magana. Sati uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Ki yafe mini. Da na karanta wasiƙarki ban iya cin abincin rana ba.

Kin tambaye ni kai tsaye, ga amsa kai tsaye. A takardar na ga ciwon huhu mai tsanani wanda aka kama a kan lokaci. Ban ga wani abu a ɓoye ba. Na ga yara irinta da yawa sun tsaya wata guda, wata biyu, sikeli ba ya motsi, sannan su tashi da ci kamar fara. Na kuma ga 'yan kaɗan da ba haka ba. Ban san gaibu ba, ba kuma zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da nake zato dai, shi na ninke a bakin rigar.

Yanzu batun abokiyar aikina. Ku daina fitar da ita, kwanci take so. Ki nemi gidan da suke da zakara ki karɓo ƙwai bakwai, ki sa mata da yamma. Kwana ashirin da ɗaya ne. Ki ce wa Ɗigo Sista tana bakin aiki, ita Ɗigo ce za ta riƙa kai mata ruwa da tsaba, da ƙafarta, kada babanta ya ɗauke ta. Ki ce mata mai kai wa Sista abinci ba ya zuwa da yunwa, doka ce. A ɗakin yara, in yaro ya ƙi ci, wani lokaci nakan ba shi aikin riƙe mini kwanon auduga. Ba kullum yake yi ba, amma yakan yi.

Ki sa mata rigar.

Gwaggonki


Litinin, 22 ga Disamba

Gwaggo,

Na juya ta. Jan zaren yana nan, ɗinki ashirin da shida a ƙasa, na ƙirga. Ni da nake kama ɗigon da ya kauce a shafi mai layi arba'in. Babanta ya tsaya a kaina ya ce, “To, Malama mai gyara, wa zai gyara ki?” Na cusa fuskata cikin rigar.

Ba ke za a yafe wa ba. Ni ce na rufe riga a durowa sati huɗu a cikin sanyi.

Tana jikinta yanzu. Ta dubi madubi ta ce, “Mama, wannan tawa ce ni kaɗai.” Ƙwai bakwai suna ƙarƙashin Sista tun ranar Asabar. Na gode, Gwaggo.

'Yarki


Litinin, 16 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan ɗumin da ya fara shigowa ya sassauta miki gwiwoyi. Mu duka lafiya. A wasiƙun baya na riƙa ba ki labari guntu guntu, yau bari in haɗa miki shi.

Cikin bakwai, biyar suka ƙyanƙyashe, biyu suka lalace. Dokarki ta yi aiki, amma ba nan take ba. Satin farko taku goma take yi ta zauna a kan bokiti ta huta, ta ci rabin yankan burodi don kawai a bar ta ta wuce. A sati na biyu ta fara cin ƙwan wata baƙa daga cikin sauran kajin, wai tana taimaka wa Sista ne tunda ba ta da lokaci. Da 'yan tsakin suka fito sai ta kafa tata dokar: kowane ɗan tsako cokali ɗaya. Ta zauna a bakin akurki da kwanonta, ta nuna wannan ta ci, ta nuna wancan ta ci. Da yake ba sa tsayawa wuri ɗaya, lissafin yakan ɓace mata ta sake daga farko. Ni da ban iya ganin kuskure in yi shiru ba, ban taɓa gyara mata ba.

Ƙarshen Janairu sikeli ya nuna goma sha biyar. Likitan ya duba, ya sa abin sauraro a bayanta, ya ce ba zancen kwanciya. Ya tambaye ni me muka canza. Na ce kaza ce ta yi kwanci. Ya dube ni, ya rubuta wani abu, ban san me ba. Satin da ya wuce goma sha bakwai saura kaɗan. Na koma maɗaba'a rabin yini.

Kajin sun zama tara, bakin ƙofa kuma ba a magana. Babanta yana jira in yi mita. Ban yi ba tukuna, amma ina jin ta tana zuwa, ina kuma ganin alamar lafiya ce.

Ga abin da ya sa na rubuto yau. Jiya da safe ta miƙa hannu za ta ɗauko ƙwai, don Sista ta koma saka, sai na ga wuyan hannunta a waje. Na ce ta sake miƙawa. Faɗin yatsa guda, tsakanin bakin riga da tafin hannu. Na kira babanta ya zo ya gani, ya ce, “Wanki ne ya sa ta tsuke.” Na ɗauko zaren awon nan na ɗora a kan rigar. Tana nan a kan ƙullinta, ba ta tsuke ba.

Na zaunar da ita a cinyata na juya bakin hannun. Ta ce, “Mama, za ki ɓata mini riga.” Na ce a'a, Gwaggo ce ta ɓoye miki saura a ciki. Ta ce, “Ta ina ta san zan kai nan?” Na ce ta tambaye ki da kanta. Shi ne wannan zanen da ke ƙasan shafi. Ta ce a faɗa miki kaza ce, ba jirgi ba, kuma tambayar tana ciki.

Da farce na ja jan zaren, kamar yadda kika ce, ya fita ba gardama. Na ƙasan ban taɓa shi ba, da saura. Guda biyun na hannu ga su nan a cikin ambulan. Ki buɗe a hankali kada su faɗi.

'Yarki,
Jan Biro